Dokar da za ta kare ɗan da ke ciki, ta nemo uban da ya gudu

A watan Oktoba na 2021 majalisar dokokin Benin, maƙwabciyarmu ta kudu mu ƴan Nijar, ta amince da dokar da ta ba mace damar zubar da ciki har zuwa mako 12, idan cikin zai jefa ta a ƙuncin rayuwa ko ya katse mata karatu ko aiki. Shugaban majalisar da kansa, Louis Vlavonou, ya fito fili ya ce bai yarda ba. A lokacin mutumin gwamnati ne, jam'iyyarsa tana bayan shugaba Patrice Talon, kuma ministan lafiyar gwamnatin ne ya zo yana kare dokar. Duk da haka ya faɗi abin da ke ransa. An rinjaye shi, doka ta wuce. Ni dai har gobe ina ganin girmansa, ko da yake ba addininmu ɗaya ba. Ɗan majalisar da zai saɓa wa ɓangarensa saboda wanda ba shi da ƙuri'a, ko suna ma ba a raɗa masa ba, ba kullum ake samun irinsa ba.

Matsayina ba ɓoyayye ba ne. Abin da ke cikin mahaifa rai ne, amana ce. A Suratul Isra'i, aya ta 31, Allah ya hana mu kashe ƴaƴanmu don tsoron talauci, kuma ai talaucin nan shi ne hujjar da dokar Benin ta jingina da ita. Malaman Malikiyya da muke bi sun fi kowa tsanantawa a nan, mafi yawansu sun hana tun kafin kwana 40. Dokarmu ta lafiyar haihuwa ta 2006 ta bar ƙofa ga uwar da cikin ke barazana ga ranta ko lafiyarta, da kuma ɗan da likita ya tabbatar yana ɗauke da mummunar cuta. Ni a nan na tsaya, ba na son a faɗaɗa. A shekarar 2006 ɗin ce kuma majalisarmu a Yamai ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo, wato yarjejeniyar ƙasashen Afirka kan ƴancin mata wadda ta halatta zubar da ciki a wasu yanayi.

Masu cewa wayewa ita ce a buɗe ƙofar gaba ɗaya su duba da kyau. Faransa ta saka ƴancin zubar da ciki a kundin tsarin mulkinta a watan Maris na 2024. Amurka kuwa, kotun ƙolinta ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, a watan Yuni na 2022, ta mayar da maganar hannun jihohi. Su ma can ba su gama gardamar ba, don haka babu mai zuwa ya ce mana an gama.

To amma ƴan uwana masu ra'ayi irin nawa, akwai maganar da muke gudu. Hujjar ministan Benin ita ce mata suna mutuwa a ɓoye, kuma wannan ba ƙarya ba ce, nan Tawa ma haka ne. Duk wadda ta taɓa kwana jinya a gidan haihuwa ta san yadda ake shigo da su. Tsakar dare, a bayan babur, yarinya ƴar shekara 16 ko 17, zane ya jiƙe sharkaf, leɓɓa sun yi fari, uwa tana riƙe da ita tana gaya wa ungozoma wai ɓari ta yi. Ungozoma ta sani, uwa ta san ta sani, kowa ya yi shiru. Ƙwayar da ta sha kuwa daga tiren mai tallan magani ta fito, a bakin tasha, an naɗe ta a guntuwar takarda, ba a gaya mata komai ba sai “ki sha da dare”. Wata tana tashi, wata mahaifa ta lalace har abada, wata sai likkafani.

Ina wanda ya yi cikin? Yana majalisar shayi, ko ya hau mota ya tafi bida Abijan ko Libiya, ya canza lambar waya. Sau da yawa ma shi ne ya ba da kuɗin ƙwayar. Idan magana ta kai ga hukuma, yarinya ce ke tsayawa gaban alƙali, wani lokaci da tsohuwar da ta taimaka mata. Wadda kuma ta ji tsoron Allah ta bar cikin, me muke yi mata? A kore ta daga gida, ƙawaye su guje ta, a liƙa wa jaririn sunan da zai bi shi har tsufa, alhali bai aikata komai ba. Mu da kanmu muke tura ta wajen mai tire, sannan mu dawo muna tsine mata.

Shi ya sa duk wanda zai riƙe alƙalamin rubuta mana doka, a yanzu ko a majalisar da za ta zo nan gaba, idan ya ce shi mai kare rai ne, zan tambaye shi abin da ya tanada wa namijin. Maganar nasaba da gado ta malamai ce, ban taɓa ta ba. Amma kuɗin awo, kuɗin haihuwa, abinci da maganin jariri, doka tana iya ɗora su a wuyan wanda aka tabbatar shi ne, ta bi shi duk inda ya shiga. Wanda ya yi wa ƙaramar yarinya ciki, ko malaminta ne ko mai gidan da take aikatau, a hukunta shi, a daina kashe maganar a zaure da sunan rufin asiri. A bi sawun masu shigo da ƙwayoyin, ba yaron da ke yawo da tire kaɗai ba.

Tun zamanin Tandja Mamadou aka ce tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Wannan doka ce ta kare rai, ko ba a kira ta da sunan ba. A tabbatar kuɗinta na isa gidajen likita na karkara a kan lokaci, har Abalak da Cintabaradan. A kuma samar da wurin da yarinyar da aka kora za ta zauna har ta haihu, a mayar da ita makaranta idan ta yi arba'in.