Ranar da gwangwanin Hajiya ya kusa mai da ni miloniya

Rashin bacci ne ya ja min wallahi. An ɗauke wuta, zafi ya hana ni runtsawa, ina ta latse-latsen waya sai na faɗo kan bidiyon wani bature ɗan Amurka yana nuna wani ɗan kwandalan su na 1955 mai kan Lincoln, tsohon shugaban ƙasarsu, wai garin bugawa rubutun ya fito biyu-biyu kamar mai jiri ne ya rubuta, kuma saboda wannan kuskuren kaɗai masu tara tsofaffin kuɗi suna sayensa sama da dala dubu. Na tashi zaune. Kuskure fa! Mu da muka tashi ana zane mu a kan kuskure, ashe wasu sayar da shi suke.

Nan take na tuna gwangwanin madarar da kakata take ɓoyewa a ƙarƙashin gado.

Da sassafe na dira gidan da goron ɗari biyar. Tana ganina tace "a'a, yau angon nawa ne da goro? Faɗi abinda ka zo ci." Nace haba amarya, zumunci ne kawai. Sai da muka yi ciniki kamar na saniya kafin ta miƙo gwangwanin, da sharaɗin aro ne.

Na zazzage a kan tabarma. Anini, ɗari, kwabo mai huji da tauraron nan mai tsini shida da ɗan rubutun Larabci, taro, sisi, sulalla biyu duk sun yi baƙi. Ban fi minti goma ba na gano dukiya har uku. Na farko kwabo mai huji BIYU, ɗaya a tsakiya ɗaya a gefe. Na biyu ya lotsa ta wajen hujin kamar faranti, nace lallai inji ne ya danne shi fiye da kima. Na ukun kuwa shi ya sa hannuna rawa, 1936 da sunan Edward VIII, sarkin Ingilan da ko shekara bai cika a kan gado ba ya ajiye sarautar saboda mace. Nace wannan ai ƙila mu biyu ne muke da shi a duniya, ni da gidan tarihi.

To a nan ne wayona ya yi yawa. Nace kaya ba sa sayuwa da dauɗa, na samo lemun tsami da toka da soson ƙarfen madam na zauna bakin rariya na dirje su tas har suna ɗaukar ido. Madam na tambaya meye haka, nace ke dai fara tunanin kalar firjin da kike so. Mai shagon layinmu ma na ce masa ya ƙara haƙuri da bashinsa zuwa Juma'a, har da cewa zan ɗora masa wani abu a kai, ban san wa ya aike ni ba.

Na hau adaidaita sai Kasuwar Kurmi, wajen masu kayan tarihi. Aka nuna min wani dattijo, na gaishe shi na warware hankici a hankali kamar mai fito da zinare. Ya ɗauko ɗan madubinsa mai ƙara girman abu ya kafa a ido, ya juya na farkon sau ɗaya.

"Samari, wannan hujin na biyu ƙusa ce."

Nace Baba a dai duba. Ya miƙo min madubin yace kalli na tsakiya, bakinsa sumul, da shi aka haife shi. Kalli na gefen kuma, ƙarfen ya turo ta baya ya yi ƙaya-ƙaya. Yace kuskuren da ake saye shine wanda ya faru kafin kuɗin ya bar gidan bugawa, kamar ƙarfen ya goce hatimi ya sauka a karkace, ko hujin ya kauce daga tsakiya ko a manta ba a huda ba sam. Duk abinda ya same shi bayan ya fito, sunansa rauni.

Mai lotsawar ko dariya ya ba shi. Wai kafinta ne ya yi wasa da shi, da can in za a buga kwanon rufi sai a zura ƙusa ta hujin kwabo, ga ma zoben tsatsa nan da ban gama kankarewa ba.

Na tura Edward gaba, shine harsashina na ƙarshe. Baba ya jawo wata roba daga ƙarƙashin tebur ya buɗe, wallahi ga Edward nan birjik sun kai ashirin. Yace miliyoyi aka buga, sarkin ne bai daɗe ba, kuɗin kam sun daɗe.

Da ya ga na yi laushi sai ya tausaya ya ba ni karatu kyauta. Ya nuna min ƙananan haruffa, H ko KN, alamar gidajen bugawa biyu ne a Birmingham ta Ingila. Yace wanda ake nema shine alfadari, wato gaban wani kuɗi aka haɗa da bayan wani, kamar kwabon 1956 mai ɗauke da sunan sarkin Ingila George VI alhali mutumin ya rasu tun 1952. Jikina na ɓari na hau tonon gwangwani, sai ga 1956! Na juya shi. Elizabeth ce, lafiyarta ƙalau.

Sannan ya ɗaga sulen nan guda yana girgiza kai. "Wa ya wanke wannan?" Nace yara ne Baba, ka san yaran yanzu. Yace to yaran sun cuce ka, wannan baƙin da suka kankare shi masu saye suke so, da ba a taɓa shi ba da na ba ka ɗan abin kirki. Kuɗin da ya taya duka gwangwanin ko na adaidaita zuwa da komowa bai kai ba.

Ina fitowa daga kasuwa waya ta yi ƙara, Hajiya ce a wayar jikarta. "Kai angon banza, akwai wani kwabo mai huji biyu a ciki, kakanka ne ya huda shi na rataya wa ubanka a wuya lokacin yana haƙori, in ya ɓata ni da kai ne." Nace yana nan Hajiya, har wanka na yi masa. Kafin in sa wayar a aljihu saƙon madam ya shigo, wai ta yanke shawara, mai ƙofa biyu take so, ruwan toka.