Yaro mai farfaɗiya da katin rigakafin da muka ɓoye a adaka

Na daɗe ina son in rubuta wannan magana, nauyinta a gidanmu ne ya riƙa hana ni, amma ganin yadda har yanzu ake shigar da yara masu farfaɗiya ɗaka a rufe duk lokacin da masu rigakafi suka shigo unguwa a nan Garwa ya sa na ga shirun ya isa haka.

Ɗan ƙanwata yana da mako 14 a duniya aka yi masa allurar Penta ta uku, wato rigakafin cututtuka biyar a haɗe. A daren jikinsa ya yi zafi, kafin kiran asalatu ya sandare, idanunsa suka juye sama, hannunsa na dama yana karkarwa shi kaɗai. Bayan wasu watanni abin ya dawo ba tare da zazzaɓi ba, ya sake dawowa, har likita ya tabbatar mana cewa farfaɗiya ce, ya ɗora shi a kan maganin farfaɗiya mai suna Depakine na ruwa. Mahaifiyarmu ta yanke nata hukuncin tun daren farko, ta ce allura ce ta taɓa masa kai, ta ɗauki katin rigakafinsa ta cusa ƙarƙashin zannuwa a cikin adaka. Da ƙanwata ta tambaye ni, "Yaya, kana ganin mu kai shi allurar ƙyanda ta wata tara?" sai na ce mata mu bi maganar Inna. Alhakin wannan amsa yana wuyana har yau.

Yana shekara huɗu, cikin zafin bazara, ƙyanda ta shigo unguwarmu ta same shi. Kwana uku yana zazzaɓi da tari, idanu sun yi ja, sannan ƙuraje suka fito ta bayan kunne suka bazu. Duk maganin da aka ɗura masa sai ya amayar, don haka yaron da ya yi kusan shekara bai faɗi ba ya faɗi sau biyar a yini ɗaya, na ƙarshen kuwa ya ƙi sakinsa, sai a kan babur muka kai shi asibiti, ina riƙe da shi a ƙirji, kumfa tana jiƙa mini riga. Ya kwana takwas a gadon asibiti, kuma da ya dawo gida sai da ya ɗauki watanni kafin kalmomin da ya iya a da su dawo bakinsa.

Daga baya na zauna na nemi sanin yadda abin yake. Ciwon da bairos ke kawowa, ko mura ce mai ƙarfi, ko ƙyanda, ko korona, yana samun mai farfaɗiya ta fuskoki da yawa a lokaci guda. Zazzaɓi yana sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwa tayar da ciwon, rashin barci yana ƙara masa, amai da gudawa kuma suna fitar da magani kafin ya shiga jini, ta yadda mutum zai sha ƙwayarsa a kan lokaci amma jikinsa ya zama tamkar bai sha ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wato ƙwayar cutar ta hau ƙwaƙwalwa ta kumbura ta. Kusan yaro 1 cikin 1,000 da suka kamu da ƙyanda yakan gamu da wannan kumburi, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai masu tashi da kurumta ko da farfaɗiyar da ba su da ita a da. Wato cutar da muke ƙin yi wa rigakafi saboda tsoron farfaɗiya ita kanta tana haifar da farfaɗiya.

Ba zan ce allura ba ta da nata tasirin ba, domin na gani da idona, kuma ɓoye wannan gaskiyar ne yake sa iyaye su daina yarda da ma'aikatan lafiya. Allura tana iya kawo zazzaɓi, zazzaɓin kuma yana iya kawo jijjiga. Na Penta yakan zo cikin kwana ɗaya ko biyu, na allurar ƙyanda kuwa yakan jinkirta zuwa mako guda ko kwana 12, lokacin da uwa ta riga ta saki jiki. Amma jijjigar da ke bin allurar ƙyanda tana samun kusan yaro 1 ne cikin 3,000 zuwa 4,000, galibi gajera ce, kuma ba ta barin lahani. Duk mai hankali zai iya ajiye wannan a gefe guda, ya ajiye abin da ƙyanda ke yi a ɗaya gefen, ya auna da kansa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne binciken da likitocin Ostireliya suka wallafa a 2006. Sun duba mutum 14 da aka ce allura ce ta lalata musu ƙwaƙwalwa suna jarirai, sai suka samu 11 daga cikinsu suna da tangarɗa a ƙwayar halitta mai suna SCN1A, wadda ke jawo wata farfaɗiya mai tsanani da ake kira Dravet. Da ita aka haife su. Zazzaɓin allura ya fito da ita fili ne kawai, da bai fito da ita ba, da zazzaɓin mura ko na cizon sauro ya yi. Wani binciken da ya biyo baya a 2010 ya nuna cewa makomar yaran da ciwonsu ya fara bayan allura ba ta bambanta da ta sauran masu ciwon ba. Da na fassara wa Inna wannan, ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce Allah ya yafe mana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan suka samu magani daidai. A nan Kamaru mun san kwarin Mbam, inda cutar makantar da ƙudan rafi ke yaɗawa ta sa farfaɗiya ta yi yawa, mu kuma a arewa muna da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai. Mun ga yadda sanƙarau ya ja baya a nan da Chadi bayan allurar MenAfriVac ta 2011, kuma ƙasarmu ce ta fara sanya allurar zazzaɓin cizon sauro cikin jerin alluran yara a Janairun 2024. Yaro mai farfaɗiya ya fi kowa buƙatar waɗannan, amma shi ne ake fara tsallakewa.

Manya ma abin ya shafe su. Mai shan maganin farfaɗiya irin Gardenal ko Tegretol da yake karɓar maganin ƙanjamau wajibi ne likitocinsa biyu su san da juna, domin waɗannan ƙwayoyi suna rage ƙarfin wasu magungunan ƙanjamau a jini. Sannan ina roƙon 'yan uwa, idan mai farfaɗiya ya kamu da mura da ciwon jiki, kada a saya masa tramol wajen masu talla a bakin kasuwa, domin tramol yana tayar da jijjiga ko ga mai lafiya, balle shi.

Ina da ƙorafi a kan wasu ma'aikatan lafiya kuma. Bayan yaron ya warke mun kai shi a cike masa alluran da ya rasa, sai wata ma'aikaciya, da jin kalmar farfaɗiya, ta mayar mana da katin ta ce ba za ta ɗauki alhaki ba. Idan ciwon yana tashi babu ƙaƙƙautawa, ko yaro yana cikin zazzaɓi mai tsanani a ranar, daidai ne likita ya ɗage allura har jiki ya daidaita, amma ɗagewa daban, korar yaro gaba ɗaya daban. Abin da uwa take buƙata shi ne a gaya mata ranakun da za ta sa ido, da adadin farasitamol da ya dace da nauyin ɗanta, a tuna mata kada ta tsallake maganin farfaɗiya ko sau ɗaya, ta kwantar da shi ta gefe idan ya faɗi, kada ta cusa masa cokali a baki, kuma ta garzaya asibiti idan abin ya wuce minti biyar.

Likitan da ke duba shi ne ya rubuta mana takarda, muka koma aka yi masa allurar shawara da sauran da suka rage. Ya yi ɗan zazzaɓi kwana ɗaya, bai faɗi ba. Ƙanwarsa ta cika wata 15 a makon jiya, kuma Inna da kanta ta goya ta zuwa allurar ƙyanda ta biyu, katin yana ɗaure a gefen zanenta.