Fotokwafi ta maye gurbin littafi

Haba jama'a! Yaro yana SS2, zai zauna WAEC a darasin adabi, amma bai taɓa riƙe littafin da aka ɗora masa ba. Abin da ke jakarsa 'yar taƙaitawa ce mai shafi kaɗan, sai tarin tambayoyin shekarun baya. Ka zaga wajen masu sayar da littattafai a cikin gari, su ne a sahun gaba. Ainihin littafin kuwa sai a ce maka ya ƙare, ko a miƙo maka na jabu, wasu shafuka babu, rubutun dishi-dishi.

Na tarihi ya fi ci min rai. 'Yata ta haddace labarin Nok, tsohuwar al'ummar da ta shahara da mutum-mutumin yumɓu, daga takardar da aka yi ta maimaita bugawa har hoton mutum-mutumin ya koma baƙin tabo. A Jos fa! Gidan tarihin da aka buɗe tun 1952 yana nan tsakiyar gari, ga kayan yumɓun Nok da aka tono a wuraren haƙar kuza. Kuɗin mota nawa ne? Makarantarsu ba ta taɓa kai su ba, amma duk zango sai an karɓi kuɗin fotokwafi.