Tsarabar Tokyo

Harkar kayan gyaran mota ce ta kai ni Japan. Ranar da muka gama lodin kwantena, abokin cinikina ya ce ba zan koma Kano ban ga komai ba sai inji da giyabos, ya ja ni unguwar Jimbocho a Tokyo, inda shagunan tsofaffin littattafai ke jere. A cikinsu akwai masu sayar da hotunan 'yan wasan kabuki, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, irin waɗanda ake bugawa da katako.

Wani dattijo ya zaunar da ni yana bayani, abokina na fassara. Mai zane daban, mai sassaƙa daban, mai bugawa daban. A jikin allon itacen ceri ake sassaƙa hoton, kowane launi da allonsa, a shafa tawada, a ɗora takarda, a murza bayanta da wani ɗan faifai. Ya ce a zamanin da, wanda suke kira zamanin Edo, kuɗin hoto ɗaya bai fi na kwanon taliya ba sosai. Da na ji farashin na asali a yau sai da na gyara zaman hulata, na ce a ba ni sabon bugu guda biyu.

Ɗaya wata kyakkyawa ce cikin jar riga tana rangwaɗa. Ɗayan mai rawar Sanbaso ne, da doguwar baƙar hula, da ƙararrawa a hannu, ya zaro harshe waje. Rawar buɗe taro ce, ana yin ta a sabuwar shekara ko bikin buɗe gidan wasa, don fatan amfanin gona mai albarka.

Na dawo gida na sa musu gilashi, na rataye a falo, na zauna ina jiran yabo. Uwargida ta shigo da tire, ta tsaya cak.

"Baban Ummi, wace ce wannan?"

Na yi murmushin wanda ya zagaya duniya. Na ce ta kwantar da hankalinta, namiji ne. Na ƙara da tarihi: wata mata mai suna Okuni ce ta fara kabuki a Kyoto wajen 1603, amma a 1629 hukuma ta hana mata hawa dandali, shi ya sa har yau maza ke fitowa a matsayin mata.

Ta ajiye tiren, ta matsa kusa, ta ƙare wa hodar da jan bakin kallo.

"Wato ɗan daudun Japan ka rataye mana a falo? Da ma kishiya ka ce, na san yadda zan yi da ita."

Washegari Hajiya ta zo yi min sannu da zuwa. Ko zama ba ta yi ba ta ja da baya tana a'uziyya.

"Wane ne wannan yake min gwalo?"

Na ce, "Hajiya, fatan damina mai kyau yake yi."

"Da harshe a waje? Mu idan ruwa ya ƙi sauka sallar roƙon ruwa muke fita. Wannan bori ne, ba ka dai san sunan aljaninsa ba."

Na shiga ɗaki in ɗauko mata tata tsarabar, wani shayi mai tsada. Kafin in fito ta sa yara sun sauko da hoton sun cire gilashin, wai magani ba ya ratsa gilashi. Ta fito da gorar rubutu daga jakarta, wanda take sha saboda ciwon ƙafa, ta yayyafa masa son ranta.

Abin da dattijon nan ya faɗa min shi ne tawadar ta ruwa ce, kada danshi ya kusance ta. Ina tsaye da kwalin shayi a hannu, jan launin harshen ya fara gangarowa, ya wuce haɓa, ya sauka har ƙirji. Yara suka kwasa da gudu suna ihu.

Hajiya ta dube ni, ta gyaɗa kai.

"Ka gani ko? Ya ji ayar Allah. Miƙo min ɗayan."

Uwargida ce ta miƙa mata.