Ana ganin ƙurar tun daga Chadi, amma ɗan dakon Mile 12 ba shi da labari

Hazon da ya lulluɓe Legas a 'yan kwanakin nan ya sake tayar da wata magana da ta daɗe tana ba ni haushi, wato wai muddin Najeriya ba ta harba sabon tauraron ɗan Adam ba, to babu yadda za a yi a san ranar da ƙura za ta sauko. Masu sharhi sun yi ta nanata ta a talabijin, kai ka ce ƙurar hunturu ɓarauniya ce mai haurowa ta katanga da tsakar dare.

Alhali kuwa da wuya a samu ƙurar da aka san gidansu kamar wannan. Kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda iska ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta yi awon gaba da ita. Taurarin Terra da Aqua na hukumar NASA ta Amurka, waɗanda aka harba a 1999 da 2002, sun shafe sama da shekara 20 suna ɗaukar hotonta. Meteosat na Turai kuma yana aiko da sabon hoton Afirka duk bayan minti 15, dare da rana, ƙurar na fitowa a cikinsa da launin ruwan hoda, kuma mai intanet zai iya kallo ba tare da biyan ko sisi ba. Kafin ta iso bakin teku sai ta ratsa Arewa ta yi kwanaki a hanya.

Mu ma ai mun harba namu, NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Masu cewa mallakar tauraro martabar ƙasa ce sai su faɗa mana tarin yaro nawa martabar ta warkar.

Duk wanda ya je kasuwar kayan abinci ta Mile 12 a Legas da asubar hunturu ya ga inda gizo ke saƙar. 'Yan dako na sauke buhunan albasa daga tirela, leɓe ya tsage, ido ya yi ja, wani ya ɗaure hanci da tsumma, wani ko tsumman babu. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da sanarwa, ban musa ba, amma da Turanci take zuwa, cike da lissafin mita nawa ido zai iya hangowa, abin da matuƙin jirgin sama ya fi kowa buƙata. A Fabrairun 2020, da hazo ya sa aka karkatar da jiragen ƙasashen waje daga Legas zuwa Akra, jaridu sun cika da koken fasinjoji, ba a ji mai tambayar yadda masu ciwon asma suka kwana a unguwannin Agege da Idi-Araba ba.

Akwai kuma abin da nake zargin shi ne ba a so a duba. Taurarin NASA ɗin nan suna gano wuta, su sa mata jan ɗigo a taswira, kuma a Disamba da Janairu yankinmu kan cika da ɗigon ƙona daji. Daga girman ƙwayoyin da ke yawo a iska ana iya bambance hayaƙi da ƙurar hamada. Ke nan ba kowane duhu ne za a jingina wa hunturu ba. Hayaƙin janareto da na tsofaffin motoci da na bola, irin wanda ya turnuƙe gari lokacin gobarar babbar bolar Olusosun a Maris 2018, namu ne na gida. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi ajalin mutum kusan 11,200 a Legas a shekarar 2018, kuma rainin hankali ne a ɗora wannan adadi a kan iskar da ke kaɗawa wata uku.

Gaskiya ne tauraro daga sama yake leƙe, gajimare na iya tare shi, don haka ana buƙatar na'urorin auna iska a cikin unguwanni. Kuɗinsu bai kama ƙafar na tauraro ba. Sauran aikin kuwa saƙon murya ne na minti ɗaya da Hausa da Yarbanci, a tura ta WhatsApp da rediyo, a bi ta hannun sarakunan Hausawa da limamai, a ce jibi ƙura na tafe, mai asma ya ajiye maganinsa kusa, mai dako ya nemi takunkumi.