Ashe bakin na Maraɗi ne, ba nawa ba

A gida ana ce mini mai baki. In na hau kabu-kabu daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa, kafin in sauka na san ƙauyen mai babur, na san ko geronsu ya yi bana. Sai da na zo Liyon, a Faransa, na gane bakin nan aro ne, gari ya ara mini.

Ku duba abin da Maraɗi ke ba mutum kyauta. Sallama ɗaya, a matsa maka a benci. Fada, wato majalisar shayin samari, ba ta da ƙofa: ka tarar da samari sun kewaye gawayi da 'yar buta, ka zauna, ba mai tambayar wa ya kira ka. Shayin kuma ba ya gaggawa, sai an yi na ɗaya, na biyu, na uku, ko kurma ne kai sai an ji muryarka. Ga taubasantaka: Bagobiri ya ga Bazabarmen da bai taɓa gani ba, ya ce masa "bawana", a tuntsire da dariya, an saba ke nan. Har UNESCO ta sa wasan nan na Nijar cikin gadon duniya a 2014. To ina ƙarfin hali a yi wa baƙo magana, bayan an share maka hanya tun kafin a haife ka? (Kuma in faɗi gaskiya, da yawa cikin waɗanda na shekara ina shan shayi da su, laƙabinsu kawai na sani.)

Nan ba wanda ya share komai. Watan farko na tare wani dattijo maƙwabcina a matakala, na jera masa gaisuwa irin tamu da faransanci: ina gajiya, ya iyali, ya sanyi. Ya ƙanƙame jakarsa, ya ce me nake so. Kunya ta rufe ni. Wata bakwai daga "bonjur" ba ƙari.

Suna da wata rana a ƙarshen watan Mayu, bikin maƙwabta, da aka fara a Paris a 1999. Da na ji labarin sai da na yi dariya, wai sai an tsayar da rana kafin ka san wanda kuke raba bango. Duk da haka na sauka tsakar gidan da butata da ƙananan kofuna, gabana na faɗuwa, abin da ban taɓa ji ba a Maraɗi.

Dattijon ya tsaya yana kallon yadda nake ɗaga buta sama ina tsiyayawa don kumfa. Ya sha na ɗaya, ya yamutsa fuska, ya miƙe. Na ce, "Baba, ai saura biyu." Ya koma ya zauna. A na uku ne ya gaya mini shekara shida ke nan da rasuwar matarsa, kuma ita ce mai magana da mutane a gidansu.

Yanzu in mun haɗu a matakala shi ke fara tambayata gajiya.