Jan Idon Talabijin

(Nima, Akkara, bayan isha'i. Mitar gidan Alhaji Maƙo tana ta kuka.)

ALHAJI: Hajiya! Shekaranjiya na sa kiredit na sidi 50, ga mita tana tsala ihu kamar jinjiri. Akwai ɓarawo a gidan nan.

HAJIYA: To ka kama shi mana.

ALHAJI: Na kama shi. Ga shi can yana harara ta da jan ido.

HAJIYA: Talabijin? Ai a kashe take.

ALHAJI: Barcin zomo take yi! Sule, kai da kake koyon gyaran wuta, faɗa mata.

SULE: Gaskiya ne, Baba. In da rimot aka kashe ta, tana ɗan tsotsa. Haka dikoda, haka caja da aka bari a soket.

ALHAJI: Kin ji ko! Tun 1965 madatsar ruwan Akosombo ke ba mutane wuta, ashe wannan 'yar ɗigon take yi wa bauta. Nawa take sha?

SULE: In wat 1 ne, a wata bai kai yunit 1 ba. Dikoda ce ta fi ta ci.

ALHAJI: Yunit 1? To ina sidi 50 ɗina?

(Daga lungu firji ya yi gurnani, kwanon da ke kansa ya hau rawa.)

HAJIYA: Ga shi ya amsa da kansa.

ALHAJI: Kul! Wannan daga Jamus ya zo.

SULE: Bayan Bature ya gama da shi, Baba. Tun 2013 aka hana shigo da irinsa Gana. Robar ƙofar ta mutu, da igiyar ɗaurin rago kake ɗaure shi, injin ba ya hutawa. Irinsa sai ya sha yunit 3 a rana. Sababbin suna da takarda mai taurari, yawan taurari ƙarancin ci.

ALHAJI: Taurarin kyauta suke?

HAJIYA: Buɗe masa ya ga abin da muke sanyayawa.

(Sule ya kwance igiya. Ciki: goro biyar a ganye da ledar ruwa ɗaya.)

ALHAJI: Goro fari ne, ba ya son zafi. Mayar da igiyar. Kana da salatif?

SULE: Na robar ƙofar?

ALHAJI: Na idon talabijin. Liƙe shi. In ba ta ga wutar ba, mu ga ta inda za ta sha.